Cinyar Ragon Suna da Anwar Biyu na Gusau

Ranar wata Lahadi ce cikin kakar 1968, ana tsakiyar tsintar auduga, ni da Gwaggo Hajo muka sauka daga motar garinmu Bungudu a tashar Gusau. Gwaggo na ɗauke da kwano a kai, cikinsa soyayyar cinyar rago an lulluɓe ta da farin ƙyalle, ni kuma ina riƙe da ƙunshin goro a ganye. Shekaruna goma sha biyu. Na sa rigar makaranta da na goge da dutsen guga na gawayi, ko da yake ba ranar karatu ba ce, domin a ganina saƙo irin wannan bai dace a kai shi da tufafin gida ba.

Kwana takwas kafin nan Innarmu ta haifi ƙanena a asibitin Gusau. Haihuwar ta zo da gardama, jini ya ɓalle mata har matan da suka raka ta suka fara salati. Wani likita baƙo, mutumin Pakistan mai suna Anwar, shi ya tsaya a kanta har Allah ya sa jinin ya tsaya. Baba ya gan shi da idonsa lokacin da ya fito, amma babu harshen da zai gode masa da shi. Ranar suna sai ya sa aka raɗa wa yaron Anwar. A al'adarmu kuwa, wanda aka yi wa takwara dole a kai masa cinya da goro har gida, a sanar da shi. Baƙi sun cika zaure, auduga na jira a gona, kuma ni kaɗai ke jin Turanci a gidanmu. Aka aike ni, Gwaggo ta raka ni.

Baba manomi ne, ajami kawai yake karantawa. Duk da surutun dangi ya sa ni makarantar mishan ta 'yan mata a Gusau, ina zaune wurin Gwaggo a Tudun Wada. Idan na koma gida hutu, sai na gama daka, na ɗebo ruwa daga gulbi, na kora awaki turke, sa'an nan ya kira ni. Ƙawayena na dandali suna gaɗa, ina jiyo tafinsu ta kan danga, ni kuwa ina durƙushe a bakin zaure ina karanta masa wasiƙun ƙanensa soja da takardun ma'aunin auduga. Idan na gama yakan dubi dattawan da ke zaune ya ce, "Abin da ɗiyar nan ta karanta, ba a sake kai shi ga wani." Ban mallaki abin da ya kai wannan kalma daraja ba. A makaranta ma ni ce ta fari a karatu, a hannun wata Sista mai dukan bayan yatsu da rula, wadda kullum take ce mana, "Duba sau biyu kafin ki ce kin gani."

A tasha Gwaggo ta ce mu biya asibiti mu tambayi mai gadi inda gidan likitan yake. Na ce ba sai mun tambaya ba, na taɓa ganin sunansa rubuce da farin fenti a ƙofar wani gida a unguwar ma'aikatan gwamnati. Ta ce, "To, Baturiya, wuce gaba mu bi ki." Ban san cewa Anwar biyu ne a Gusau ba, ƙasarsu ɗaya, sunansu ɗaya har na uba, kowannensu sananne a wurin aikinsa.

Mutumin da ya fito siriri ne mai furfura da tabarau. Na miƙe tsaye kamar yadda aka koya mana, na faɗi jawabin da na haddace a mota: mahaifina ya sa wa ɗansa sunanka saboda alherin da ka yi wa gidanmu. Ya dube ni, ya dubi kwanon, sai ya zauna a kan matakalar baranda ya cire tabarau. A lokacin na lura da jan tawada a yatsunsa, da tarin littattafan ɗalibai a kan tebur. Ya tambaye ni a hankali ko wana na cikin yaran da ya koyar. Nan na gane ba likitan ba ne. Wannan malamin lissafi ne na sakandaren maza, wanda samari ke canza hanya idan sun hango shi. Ya ce shekararsa tara a garin, babu wanda ya taɓa shigo masa da kwano, kuma a can ƙasarsu ba shi da kowa da ya rage. Hawaye na bin gemunsa.

Gwaggo ta taɓa ni ta ce, "Mi ya ce?" Na ce, "Ya ce ya gode." Na juya na ce masa e, ya koyar da wana. Ni kuwa ba ni da wa. A hanya Gwaggo na ta jinjina kai tana cewa, "Allah sarki, ashe likita ma na kuka."

Ƙaryar nan na raine ta shekara biyu. Duk Sallah kukun malamin yakan kawo ƙunshi ƙofar makarantarmu: 'yar riga, 'yar hula mai surfani irin na ƙasarsu, wani lokaci takalmi. Ni ke kai wa gida. Baba yakan ɗaga su ya nuna wa maƙwabta ya ce likita ba ya mantuwa, kuma bai taɓa zuwa ya gaishe shi ba, domin a wurinsa babban mutum ba a damunsa da zarya. Gida duka aka koma kiran yaron Likita. Malamin ya aiko yana roƙon a kawo masa takwaransa ya gani, ko a bar shi ya je Bungudu. Na aika masa cewa a al'adarmu mutum ba ya ganin takwaransa sai an yaye shi. Babu wannan al'ada, ni na ƙaga ta. Sau da yawa na kai wa Baba fura gona da niyyar in faɗa masa, sai ya goge hannu ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini, ni kuma in haɗiye maganar.

Cikin daminar 1970, ina gida hutu, wani direba ya kawo labari cewa baƙon nan Anwar ya rasu, kuma a Gusau za a binne shi da azahar. Baba ya ajiye fartanya, ya sa aka saka wa yaron rigar Sallah da hularsa, ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi bakin titi. Ban san wanne ne ya mutu ba. Na zauna a bayan rumbu ina tsinkar zogale, na tsinci kaina ina fatan likitan ne, mutumin da ya ceci uwata, domin in shi ne, likkafani zai rufe sirrina. A duk rayuwata ban yi tunanin da ya fi wannan muni ba.

Malamin ne. A sahun jana'iza, wanda bai cika ba, Baba ya ga likitan tsaye da ransa. Kukun mamacin ya gane hular da ke kan yaron, ya zo ya rungume shi, ya ba Baba labarin ƙunshin Sallah. Baba ya kama hannun yaron ya sa shi ya zuba ƙasa a kabarin. Daga nan ya samu wani ɗalibi ya yi masa tafinta, ya gode wa likitan. Likitan ya amsa da ladabi, amma bai tuna Innarmu ba, mata da yawa sun bi ta hannunsa.

Kafin magariba Baba ya dawo ya kira ni zaure. Ya ce, "Kin sani?" Na ce na sani. "Tun yaushe?" Na ce tun ranar farko. Sa'an nan ya ce, "Bawan Allan nan ya nemi ganin yaron?" Na ce sau uku. Bai doke ni ba, bai cire ni daga makaranta ba. Bayan mako guda wasiƙar ƙanensa ta iso. Na wanke hannu na tsaya a bakin zaure, ya wuce ni da ita a aljihu, ya kai wa mai rubuta wasiƙa a kasuwa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake miƙo mini takarda ba.

Na yi aikin koyarwa har na tsufa, a Tsafe da Gusau, kuma ɗalibaina sun sha tsananina. Kwanakin baya jikata ta rubuta sunan nan a wayarta, fuskoki suka jeru: wani alƙali, wani minista, wani ɗan wasa, duk sunansu ɗaya, kowanne da hotonsa da tarihinsa. A yau yaro ba zai ɓata gida kamar yadda na ɓata ba. Na sa tabarau na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu nawa a ciki. Kabarin malamin ya baje cikin sauran kaburbura, ƙanena kuma ya yi furfura, ya kai shekarun da mutumin bai kai ba. Abu ɗaya baƙon nan ya roƙa a garinmu, kuma ni na hana shi.