Nevzat Hoja da Tafkin da Aka Ce Babu Kowa a Ciki

"Muddin ina kan kujerar nan, ɓangaren zurfi na tafkin na yaran Nevzat ne." Haka Kudret Bey, shugaban kulob ɗinmu na iyo, ya faɗa a harabar masallaci, hannunsa a kan makararka. Ina tsaye a bayansa, da kunnena na ji.

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, Allah ya karɓi ranka, Nevzat Hoja, kocin yaranmu, a nan Izmir, bayan zuciya ta daɗe tana yi maka gardama. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na so in rubuta maka ta'aziyya cikin natsuwa, amma ba a bar ni ba. Ƙamshin alewar makokinka bai bar gidanka ba aka ɗauki lokacin atisayen yaranka a zurfi aka ba masu motsa jiki da kiɗa. Yaran kuma aka tura su wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba, wai su yi wasansu na hokin ƙarƙashin ruwa a can.

Kai ka san abin da ake shirin rushewa. 'Yata Melike ta zo hannunka ko fuska ba ta iya tsomawa a ruwa. Ba ka yi mata wa'azi ba. Ka jefa cokalin shayinka a zurfi, ka ce, "'Yata, shayina na hucewa, kuma ni tsoho ne." Ta yi kuka, ta nutse, ta ɗauko. Yau ita ke tsaron baya, tana tura faifan dalma a ƙasan tafki da ɗan guntun sanda, kuma tana jiran zaɓen 'yan wasan kulob na bazara tare da sauran. Ba atisaye, ba zaɓe.

Murya ba ta isa ƙasan ruwa, don haka da sanda kake bugun tsanin ƙarfe, kowane bugu da ma'anarsa. Ƙa'idarka ɗaya ce, har mu iyaye mun haddace: kada ka taso shan iska sai ɗan'uwanka ya sauko ya karɓe ka.

Na hau ofishin Kudret Bey na maimaita masa maganarsa.

Ya ce, "Nurhayat Hanim, zauna ki sha shayi. Kullum ina leƙawa ta tagar nan. Ruwa kwance, babu kowa."

Na ce, "Suna ƙasa, Bey. A ƙasa ake wasan."

"To, su riƙa fitowa ana ganinsu mana."

"Kofunan gasar da ke bayanka fa? Kifaye suka kawo maka?"

Ya juya ya dube su kamar yau aka ajiye su. Na yi shekaru ina koyar da adabi, na karanta labarin shugabanni marasa kan gado iri-iri, amma ban taɓa cin karo da wanda ya kori mutane don sun ƙware har ba ya ganinsu ba. Da kana nan da dariya za ka yi, ka ce wasanmu ke nan, ɗan kallo ba ya samun komai sai dugadugai da bakin bututun numfashi. Ni ba na dariya.

Kai ma ina da ƙorafi a kanka, Hoja. Ka taso ba ka jira wani ya sauko ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka, ya sa kowane numfashin da ka koya wa yaro riƙewa ya zama haske a gare ka. Perihan Abla, matar Hoja, ke da 'ya'yanku da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku.

Kudret Bey kuma yana da zuwa Lahadi, 23 ga Nuwamba, ranar sadakar arba'in ɗinka. A ƙofar kulob za mu soya lokma, ɗan fanken sadakar mamaci, mu raba, kuma ka san layin lokma a garin nan ba ya gajarta. Idan ranar ba a mayar wa yaran zurfinsu ba, duk wanda na miƙa wa kwano zan haɗa masa da maganar harabar masallaci, kalma da kalma. Sannan in jera yaranka da sandunansu a jikin shingen ƙarfen da ke ƙarƙashin tagarsa. Tunda bai iya ganinsu ba, zai ji su, kuma ba za mu daina bugu ba sai ya sauko.