Ɗakin da Mama ba ta kwana a ciki

Ana idar da sallar asuba muka bar Unguwar Sanusi, mu uku a motar ofis. An aike mu zagayen gidaje ne, saboda tsarin da ake shiryawa na gyaran tsofaffin gine-gine a faɗin ƙasa don su rage shan wuta. Ni kuwa da biyu na tafi, domin ina shirin gyara wa mahaifiyata ɗaki, ina neman samfuri.

A Mahuta muka karya da ƙosai, wanda ya tsuke kamar ana yi masa horo. Gidajen da muka shiga duk kukansu ɗaya: zafi, da kuɗin man janareto.

Rana ta take muka isa Kakau, tireloli sun cika titin Abuja da hayaƙi. Can bayan gonakin masara na hango gidan da ya tafi da hankalina: baƙin kwano na yayi, tagogin gilashi masu zamewa, ga na'urar sanyaya ɗaki. Na ce a raina, na samu.

Mai gidan wata dattijuwa ce, kowa Mama yake ce mata. Ɗanta da ke Abuja ne ya yi gyaran. Da ta buɗe mana ɗakin da ya gyara mata, sai da na ja da baya. Zafi kamar gidan burodi! Tagar rabi kawai take buɗewa, an sare mangwaron da ke yi mata inuwa, wuta kuwa sai ta ga dama.

A tsohon ɗakin ƙasa na baya ta ba mu gwaten acca, sanyi kamar cikin randa. A nan take kwana. In ɗan ya zo sai ta koma sabon, ga hawan jini, ta kwana tana fifita.

"Mama, me ya hana ki gaya masa?"

"Haba ɗana, yaron ya sha wahala kafin ya yi. Ku dai sa a takardar gwamnati. In ya ji daga can, ba zai ji ciwo ba."

Wallahi ta ba ni tausayi, ɗan nata ma haka.

Da la'asar muka dawo. Abin da na koyo, gyara ba a gani yake ba, a kwana yake. Na wuce wurin mahaifiyata na ce, "Inna, yaya kike son ɗakin nan ya zama?"

Ta dube ni ta ce, "Ashe za a tambaye ni?"