Ɓargon Dawuda Bai Manta Ba

Duk babbar kasuwar Garwa an san Dawuda mahauci da abu biyu: iya fasa ƙashi, da mantuwa. Sara ɗaya yake yi wa ƙashin cinyar saniya, ɓargon ya zubo sumul ko tsaga babu. Amma shi ne ya taɓa zuwa Gidar a kan babur ya dawo a mota, sai da 'yarsa Karimatu ta tambaye shi ina babur.

Mutum ɗaya ce ba ta fita daga ransa: jikarsa Nazira, 'yar shekara biyar, mai kiransa "tsoho mai ƙarnin nama". Kullum da la'asar yana kai mata ƙashi ta tsotse.

Sai ƙyanda ta kwantar da Nazira, asibiti suka keɓe ta. Uwarta Karimatu na da tsohon ciki, an hana ta ko leƙa ɗakin, uban kuma direba ne, yana can Kuseri. Yarinya ta ƙi ci, ta ƙi sha, tsohonta kawai take kira.

Dawuda ya taho da kwanon romo, ma'aikaciyar jinya Madam Blandine ta tare ƙofa.

"Baba, dakata. Ka taɓa yin rujol?"

"Ru me?"

"Ƙyanda. In ba ka taɓa ba, ba ka shiga. A shekarunka tana iya kada ka."

"'Yata, ni da ban san da me na karya yau ba?"

Ya buga wa yayarsa Hadje waya a Gidar. Ta yi ta tunani, can ta ce, "Kai ne ko ƙanenmu Umar Faruƙ? Ɗayanku dai ya yi ja kamar tattasai."

"Bon," in ji Blandine. "Tunda duk gidan kun manta, sai mu tambayi jini."

Mutumin da ya tsufa cikin jinin shanu, da ya ga allura sai ya rufe ido yana salati, har masu jiran layi suka dara. Washegari tun safe yana bakin labo, ɗakin gwajin jini, kwano a cinya. Blandine ta fito tana murmushi.

"Kai ne tattasan, Baba. Jininka cike yake da makamin ƙyanda."

"Abin da aka yi tun ban san hanyar kasuwa ba? Wa ya ajiye shi?"

"Ɓargonka. Lokacin da cutar ta shige ka, jikinka ya horar da wasu ƙwayoyi su ƙera makamin yaƙarta. Da yaƙi ya ƙare yawancinsu suka mutu, 'yan kaɗan suka tare cikin ƙashi. Can suke zaune har yau, kullum suna zuba makamin cikin jini, ko ta dawo ko ba ta dawo ba. Allurar rigakafi ma haka take horar da su, ba tare da an kwanta ba."

Dawuda ya dubi kwanonsa. Fuskarsa ta washe.

"Ashe ni gagarau ne! Madam, kin san ɓargon shanu nawa na sha? Ke nan ciwon bakin shanu, da na huhu, da na kofato, duk ina da makaminsu. Gobe zan ƙara wa ƙashi kuɗi."

"Kai, Baba! Wannan romo ne. Tukunya ta kashe ƙwayoyin, cikinka ya gama da saura."

"To a ɗebi nawa a sa wa yarinyar."

"Nata na koyo yanzu. Abin da take bukata shi ne ta ci. Shiga."

Nazira na kwance, fuska duk ƙuraje, leɓe a bushe. Ta buɗe ido da ƙyar.

"Tsoho mai ƙarni. Ina ƙashina?"

Ya dubi hannun dama, ya dubi na hagu. Wayam.

Blandine ta turo ƙofa da kafaɗa, riƙe da kwano. "A kan bencin labo ka bar shi. Da ma ƙashinka ne ke riƙe kaya, da mun huta."

Dawuda ya zauna a bakin gado, ya hura cokali.

"Buɗe baki, 'yar nema. Ɓargonki ya shiga makaranta, ba a karatu da yunwa."

Ta harare shi, ta buɗe. Ta haɗiye, ta ɗan yamutsa fuska.

"Ka manta gishiri," in ji ta, ta sake buɗe baki.