Faifan Birkin Motar Mampong

Rumfata ta shinkafa da wake tana kallon shagon Agya Ntim a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, don haka duk abin da ya ci na sani, har da wanda ya ci tare da shi. Aikinsa ɗaya ne tun yana da baƙin gashi: a kawo masa faifan birki da ya yi zane-zane ya fara sa sitiyari rawa, ya ɗaura shi a inji ya kankare fuskar har ta yi sumul. A da sai an bi layi. Yanzu sababbin fayafai sun cika kasuwa da araha, kowa sai ya yar da tsoho ya sayi sabo, injin Agya ya koma wurin barcin kyanwa.

Gida ma ba kowa. Da matarsa ta rasu 'ya'yan suka koma wajen kawunsu, tunda a nan ɗa na dangin uwa ne.

Mutum ɗaya ya rage masa, Kwarteng, direban wata bas mai zuwa Mampong, wadda ba a san tsakanin ita da shi wa ya fi tsufa ba. Duk bayan 'yan watanni sai ya zo ranar Laraba, ranar da aka haife su su biyun, wadda a al'adar nan ta mai da su takwarori, ya ce birki na ƙara. Su kwance faifai, a kankare, a aiko in zuba kwano biyu da ƙwai. Su wuni suna musun ƙwallo da tsiyar juna. Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, ni da ba makanike ba ma na gane. Amma waɗannan tsofaffin ba za su iya buɗe baki su ce sun yi kewar juna ba, gara a laƙa wa birki. Abin da suka ƙi dubawa shi ne kowace kankara tana rage ƙarfen. Zumuncin nasu faifan yake ci.

Wata Laraba Agya ya karɓi faifan, bai kunna inji ba. Ya auna kaurinsa, ya bi gefen da farce, ya ɗaga shi ga rana, sai ga 'yan tsage sirara kamar gashi. Ya daɗe tsaye riƙe da shi. Na san abin da ke cinsa. In ya kankare, Kwarteng zai dawo. In ya ce a canza, sabo zai yi shekaru bai nemi injinsa ba. Amma gangaren dutsen Mampong ba ya wasa da kowa, kuma mutane motar take ɗauka.

"Takwara, wannan ya gama aikinsa. Je ka sayi sabo."

"Kai dai hannunka ne ya fara rawa, tsoho. Ɗan shafa shi kawai."

"In na sake taɓa shi, ranar Asabar da ake jana'iza baƙin zanen makoki zan ɗaura saboda kai. Kuma nawa ya riga ya koɗe."

Kwarteng ya yi dariya, ya kira shi matsoraci, ya tsallaka titi ya sayi sababbi biyu, a can aka ɗaura masa. Sun ci abincinsu ranar, amma musun bai yi armashi ba.

Ba faɗa suka yi ba, kada a ce na ce. Dalilin zuwan ne ya ƙare, su kuma ba su iya ƙirƙiro wani ba. Na ce wa Agya ya hau mota ya je Mampong mana, ai ba ɗaure masa ƙafa aka yi ba. Ya tambaye ni in ya je ya ce ya zo yin me. Na ji haushinsa, amma tausayin ya fi yawa.

Bas ɗin na bi ta gabanmu kullum. A kwanar nan dole direba ya taka birki, Kwarteng ya danna oda sau biyu, Agya ya ɗaga hannu. Ina kallonsa yana karkata kunne ko zai ji ɗan ƙara. Shiru yake ji, birkin lafiya lau. Sai ya juyo ya ce in zuba masa kwano ɗaya, ban da ƙwai.