Buhun Waken da Zakiyya Ta Bar wa Ƙwari

Zakiyya ita ce 'yar fari a gidan Malam Maharazu, manomin wake da gero a wani ƙauye kusa da Kiyawa. Tun tana firamare malamanta suka lura ba ta iya ganin abu a rufe ta ƙyale shi. Ta taɓa kwance tocilar babanta gaba ɗaya, ta mayar da ita, kuma ta ci gaba da haskawa. Ta yi sakandaren kimiyya, ta karanta injiniyancin aikin gona, ta yi hidimar ƙasa a Dutse, sannan ta tafi Kano neman digiri na biyu, irin wanda zaman aji ba ya bayarwa sai mutum ya gudanar da bincike na kansa ya kuma kare shi a gaban malamai.

Abin da ta zaɓa ba baƙo ba ne a gidansu. Kowace shekara ƙwari kan huda wake kafin bazara ta ƙare, wasu manoma kuwa su barbaɗa maganin da bai kamata ya kusanci abinci ba. Sai ta ƙera akwati na langa-langa da gilashi, wanda ke tara zafin rana har ya kashe ƙwaron da ƙwansa kafin a adana waken. Malamin da ke duba aikinta, Dakta Zuhair, ya yaba da ƙirar, amma ya gindaya mata sharaɗi.

"Ba za ki ce akwatinki ya yi aiki ba sai kin nuna abin da ke faruwa idan babu shi. Ki ware buhu guda, kada a yi masa komai. Da shi za a gwada sauran."

Da kaka ta yi, Zakiyya ta zauna da babanta a zaure ta yi masa wannan bayani. Malam Maharazu ya saurara, ya ce, "To, Injiniya, ga wake, ga ɗakin ajiya." Mahaifiyarta, Inna Kaltumi, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, domin tana kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunan Zakiyya ba, sai "yarinyar nan", kuma da an fara zancen karatunta takan miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Zakiyya ta saba da haka har ba ta ga dalilin bin ta madafa da bayani ba.

Watanni suka shuɗe. Zakiyya takan zo daga Kano ta ɗebi tafin wake daga kowane buhu, ta duba, ta auna, ta koma. Waken da ya bi ta akwati yana nan garau. Na buhun da aka ware a lungu ba a yi masa komai ba kuwa ya fara huje-huje, kamar yadda ake so.

Wata Asabar cikin tsakiyar bazara ta kwance bakin buhun lungu, sai atishawa ta turnuƙe ta. Ta tura hannu ta ɗebo wake tsaf, babu ƙwaro ko ɗaya, ga jan barkono a cakuɗe da shi. Ta fito tsakar gida inda Inna ke tankaɗe.

"Inna, wa ya taɓa buhun nan na lungu?"

"Wanda aka bar ƙwari suna biki a ciki?" Inna ba ta ɗago kai ba. "Ina wucewa ina jin motsinsu. Na ce mai shi karatu ya sha mata kai, ta manta. Na shanya, na sheƙe, na tsince, na zuba barkono. Ban ce a gode mini ba."

Zakiyya ta zauna a kan turmi. Ta san zafin ranar da aka sha da ciwon bayan da aka yi wajen tsince buhu guda, ta kuma san domin wa aka yi. Aikin shekara guda ne ya tafi, amma ba ta yi wa Inna faɗa ba.

Dakta Zuhair ya yi dariya da ya ji labarin, ya ce tasa mahaifiyar ma da haka za ta yi. Sannan ya gyara zama ya gaya mata gaskiya: kwamitin malamai ba zai karɓi sakamakon da babu abin gwada shi ba. Sai ta jira wata kakar, kuma ita ce ta ƙarshe, domin wa'adin da jami'a ta ba ta yana gab da cika. Idan aka sake samun matsala, digirin ya kuɓuce.

Ya ba ta shawarar ta kai buhunan wani gida. Zakiyya ta ƙi. Ta ga cewa idan ta kwashe wake daga ɗakin ajiyar gidansu, ƙauye duka zai ce ta hukunta uwarta ne. Da sabon wake ya shigo, sai ta bi Inna har madafa, ta ja kujera 'yar tsugunno ta tare ƙofa.

"Inna, yau kam tukunyar tana gabanki, sai kin saurare ni."

Ta yi bayani a hankali. Inna ta ajiye muciya.

"Da gangan? Abinci, ke wannan? Mutum na ji yana gani ya bar shi ya zama gari? Me zan ce wa Ubangiji?"

"Ki ce an bar buhu ɗaya ne domin a nuna wa mutane yadda za su ceci sauran. In bai lalace ba, Inna, babu wanda zai yarda da ni. Kuma ba za a ba ni wata damar ba."

Inna ta gyara itacen murhu. Daga bisani ta kawo nata sharuɗɗan. Za ta fitar da kwatankwacin buhun daga gayaunarta ta yi sadaka da shi. Idan an gama, abin da ya rage na tumaki ne, ba na juji ba. Kuma a sa wa ɗakin kwaɗo, ita za ta riƙe mabuɗin.

"Ba don kowa ba," in ji ta, "don kaina. In na ji motsinsu, kafin in kwance mabuɗi na tuna."

Haka aka yi. Bazarar nan ta yi wa Inna tsawo. Takan kauce wa ƙofar ɗakin idan za ta wuce. Da maƙwabciyarta Hassana ta shigo ta ce ƙwari na fita ta ƙasan ƙofa, ko ba za a taimaka a shanya ba, Inna ta tare ta.

"Hassana, kiwonsu muke yi. Ki je ki duba naki."

Ranar kare aiki, Zakiyya ta ajiye kwano biyu a gaban malamai, ɗaya cike da wake mai sheƙi, ɗaya da ɓawo da gari. Suka yi mata tambayoyi masu zafi a kan ƙirar akwatin da ma'aunin zafinsa, ta amsa su ɗaya bayan ɗaya. Suka amince da aikin, da 'yan gyare-gyare.

Ta sauka a Kiyawa, ta hau babur zuwa gida. Malam Maharazu ya tarbe ta a zaure da addu'a. Inna kuwa ba ta ko amsa sallamar sosai ba ta jefo tambaya.

"An gama da shi?"

"An gama, Inna. Sun karɓa."

Inna ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta, ta ja buhun da kanta har turken tumaki, ta juye musu. Ta dawo ta share ɗakin lungu-lungu. Sai da ta jingine tsintsiya ta ce, tana kallon wani wajen, "Akwatin nan, in ba a mayar da shi Kano ba, waken gayaunata na bana za a fara sakawa."