Awon Gwiwar Inna

Ba na jin zan manta da ranar da na yi wa Muhandis gardama. Lokacin ina aikin famfo a wani kamfanin gine-gine a unguwar Rusaifa da ke Makka, aka ba mu kwangilar wurin alwala na wani masaukin alhazai.

Muhandis, wato injiniyan da ke mana zane, dattijo ne ɗan Italiya. Da zanen gidaje ya fara, daga baya ya koma kujeru da fitilu da butocin shayi, har masana'antu na rububinsa. Da yake ba Musulmi ba ne, ba ya shiga Makka. A Jidda yake zaune, mu kai masa awo, ya ba mu zane.

Ran nan ya nuna mana samfurin kujerar alwala, ta marmara, gajeriya, gwanin kyau. Mudir, wato shugabanmu, ya yaba da Larabci ya ce, "Mumtaz!" Ni kuwa baki ya suɓuce mini, na ce tsohuwa in ta zauna nan sai an ɗaga ta. Mudir ya harare ni. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar, saura wata guda ta ƙare, kuma sai da sa hannunsa ake sabuntawa.

Muhandis ya tambaya ta bakin tafinta, "Wace tsohuwa?"

Na ce, "Mahaifiyata."

"Kawo ta."

Washegari na ɗauko Inna daga unguwar Utaibiyya na kai ta Jidda. Ta dube shi ta ce, "Kai Sani, wannan ai ya girme ni. Har yanzu bai iya alwala ba?" Ta zauna a kujerar ta yi tata a tsanake. Da ta zo tashi, abu ya gagara. Ta ce, "Gaya wa Baturen nan, tunda shi ya dasa ni, ya zo ya tuge ni."

Ya yi dariya har da tari. Sai ya miƙo mini tef ɗin awo, na auna daga ƙasa zuwa gwiwarta, ya rubuta. Ya ƙara tsayin kujerar, ya sa mariƙi a dama. Mudir kuwa ya sa hannu aka sabunta mini iƙama.

A nan na gane cewa gwani na gaske mutum yake fara aunawa kafin bango.

Inna ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta. Kujerun nan duk tsayin gwiwarta ne. Wani lokaci nakan bi ta can in yi alwala. Sun ɗan yi mini gajarta, amma nakan daɗe a zaune.