Zuwa Lyon Ɗauko Laminu

Bayan sallar asuba muka bar Bobigny, unguwar da muke zaune, ni da yayata, cikin sanyin hunturun da ya wuce. Ɗanta Laminu za mu ɗauko, wanda wata ƙungiyar ƙwallo ta birnin Lyon ta ɗauka tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Yanzu sun sallame shi.

Jirgin ƙasa mai gudun nan, TGV, na ta keta gonaki, hazo ya rufe komai. Na leƙa wurin sayar da abinci, tsadar burodinsu ta koro ni, na dawo ga dambun naman da yayata ta ƙullo. Ita ko loma ba ta kai ba, casbi kawai take ja.

A filin ƙungiyar, mai horarwa ya karɓe mu da mutunci. Ya ce bai taɓa riƙe yaro mai ƙafar hagu irin ta Laminu ba. Amma ga makara, ga cin gasasshen naman kebab da shan lemun kwalba kullum. Da aka yi masa aiki a gwiwa, likita ya hana shi gudu. Abokai suka kira shi wasan unguwa a kan siminti, ya je. Gwiwar ta sake tsinkewa.

Muka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan tiram, jirgin da ke bin titi, zuwa Minguettes, unguwar da Laminu yake. Dogayen benaye iri ɗaya, iska na kaɗa ledoji. Lif ɗin, na'urar hawa benen, ya mutu, muka hau da ƙafa, yayata na haki. Muka tarar da shi kan katifa a ɗakin wani abokinsa, sandunan dogarawa a gefe, ya yi ƙiba.

"Kawu, wallahi wasa ɗaya ne kawai," ya ce da ni, rabi da Faransanci. "Cewa suka yi na zama mai girman kai."

"Su ɗin suna ina yanzu?" in ji uwarsa.

Ya sunkuyar da kai. Ni na goyo shi muka sauko.

Da muka iso gida, babansa ya buɗe ƙofa, ya dubi sandunan, ya ce, "Sannunku da hanya," ya fice zuwa aikinsa na gadi.

Da ina zaton baiwa kaɗai ke kai yaro ga ci. Tafiyar nan ta nuna mini dole sai ya iya ce wa abokansa a'a, ya ce wa ransa a'a. Shekaru muka yi muna tafa wa Laminu, ba wanda ya koya masa wannan.